Haƙoran Sabulu

Asabar, da hantsi

A sanar da mutanen gidan nan, da maƙwabta, da masana tarihi masu zuwa, cewa yau sabulun wanka na ƙarshe ya faɗi. Na shiga banɗaki na same shi a kan taga ya zama haƙorin tauna mai saiwa uku. Da haƙori na yi wanka. Kumfarsa dai ba laifi.

Aikin Uwata ne, autata mai sunan mahaifiyata. Tun da ta ci jarrabawar takarda take sassaƙa haƙora da 'yar wuƙa, don jami'ar gwamnati ba ta ɗaukar mai son karatun likitan haƙori sai ta ga hannunsa. A miƙa maka sandar sabulu da wuƙa, a ce fitar da haƙori kafin a kaɗa ƙararrawa. Wannan gwajin ne kaɗai ya rage mata. Ita kuwa jami'ar kuɗi da ke bayan tasha, wadda da ƙafa ma ana zuwa daga gidan nan, tuni ta ba ta gurbi. Ba ta nemi ganin hannun kowa ba sai na mai biya, kuma ƙanena mai shagon taya ya ce wannan nasa ne. Ta gwamnatin tafiyar yini guda ce a mota.

Ni ne malamin tarihin nan da ya tsufa a ɗakin malamai yana kiran jami'o'in kuɗi “kantin digiri”. Na rubuta wannan don a san da wa ake magana.

Muna karyawa maiɗakina ta ce, “Wai har yau mutanen nan ba su kira sun faɗi ranar gwajin ba?”

Uwata ta ce, “Lambar Baba na ba su, Umma. Baba ba ya kashe waya.”

Na ce shayin nan ya huce.

Lahadi, da yamma

Ban yi ƙarya ba. Babu wanda ya dube ni ya ce, “Sun kira ka?” A sarari aka yi maganar, tsakanin uwa da 'ya, ni ina gefe da kofina.

Sun kira, ni na ɗauka. Gwajin jibi ne.

Litinin, lokacin tara a makaranta

Hujjoji, tunda ni mutumin hujja ne. Jami'ar gwamnati tana yajin aiki kamar yadda wasu ke yin mura. Karatun shekara shida ya zama tara. Ɗakin kwanan 'yan mata, an ce mutum takwas a ɗakin mutum huɗu, famfo kuma ado ne. Hanya ba kyau. Yarinyar ba ta taɓa kwana a wani gari ba tare da uwarta ba.

Duk gaskiya ne, babu wanda zai ƙaryata ko ɗaya. Abin da ke damuna kawai shi ne sai bayan da na ajiye wayar nan na fara tattara su. Na sha koya wa yara cewa haka sarakuna suke yi, su fara kai harin, daga baya a nemo marubuci ya samo dalili. Nakan faɗa ina murmushi, yara su rubuta.

Talata, da rana

Yau ne.

Talata, da yamma

Na dawo na same ta a tsakar gida, ɓarɓashin sabulu har a gashin girarta. Ta miƙo mini fiƙa, doguwa, mai kaifi kamar ta gaske.

“Baba, duba. Kafin ruwa ya tafasa a buta na gama ta.”

Na juya ta a hannu, na ce ko kare ya gani zai yi hassada. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ita kaɗai ce a gidan nan ke dariyar maganata ba don ladabi ba.

Bayan nan muka yi zaman jarida kamar kullum. Ni ne gwamnati, ita ce 'yar adawa, in karanta kanun labari in kare shi, ita ta yi kaca-kaca da ni. Yau ta ci ni sau biyu. Yayyenta maza tun da suka bar gida, in na kira su abin da suke fara cewa shi ne, “Baba, lafiya dai? Akwai matsala ne?” In ce babu, sai mu rasa ta cewa.

Ban san me ya kawo maganar yayyenta a nan ba.

Alhamis, da safe

Wata ƙawarta ta kira ta a wayar uwarta. Na ji daga ɗaki tana cewa, “Wane gwaji? Yaushe?” Sai na tuna ina da darasi da sassafe, na fita ban ɗaura agogo ba.

Juma'a, da yamma

Ina ɗakin littattafaina ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba.

“Baba, na kira ofishin ɗaukar ɗalibai.”

“To.”

“Matar ta ce ta kira tun Talatar waccan. Na ce mata ba ta kira ba, har na ɗaga mata murya. Ta ce ba za ta manta ba, don mutumin da ya ɗauka ya ba ta dariya. Wai ya ce haƙoransa sun shekara hamsin suna aiki ba albashi, yanzu sun fara yin ritaya ɗaya bayan ɗaya.”

Na dubi littafin da ke gabana. A juye yake.

“Na ba ta haƙuri. Na ce mata ai wannan Babana ne.”

Ta ja ƙofar. Ƙofar nan kowa ya san ba ta rufuwa sai an buga ta. Ban san yadda ta yi ta rufe ta ba ƙara ba.

Wani da ya amsa waya irin wannan da niyya irin tawa zai ce “to, na gode” ya ajiye, washegari babu mai tuna muryarsa. Ni sai da na sa hannu a ƙasan aikina. Na ji mace mai saurin dariya a waya, na kasa bari ta wuce.

Asabar, da rana

Keken ɗinkin maiɗakina tun safe yake gudu. Shekarun da muka yi tare sun koya mini karanta shi. In tana cikin nishaɗi yakan tsaya ya huta, in ranta a ɓace yake kamar jirgin ƙasa ne da ba shi da tasha. Na leƙa na ce ko akwai abin da zan taimaka.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, kai da ka iya magana, je ka yi da wadda ta kamata.”

Na ce ai ban yi mata ƙarya ba.

Ta tsayar da keken. “A'a, ba ka yi ba. Ka dai zauna kana shan shayi tana yabon wayarka.”

Keken ya ci gaba.

Lahadi, da hantsi

Sabulu ya dawo mai kusurwa huɗu.

Lahadi, da yamma

Ƙanena ya zo da kwalin lemo, yana ƙanshin taya da turare. Labari ya kai masa, ban san ta wace hanya ba. Ya ja ni gefe yana dukan kafaɗata.

“Yaya, ashe haka kake da wayo? Ni da nake cewa littafi ya cinye ka. Ai ka yi daidai. Yarinya ta zauna kusa da gida, mu gan ta da idonmu.”

Tun muna yara nake gyara masa magana, yau shi ne ya ba ni maki. Ya ƙwala wa Uwata kira, “Dakta, fito ki gaida Baffanki.” Ta fito ta gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce Laraba za mu je mu ga jami'ar kuɗin.

Ta ce, “Duk yadda Baba ya ce.”

Da ta yi kuka, da na san inda zan kama. Tana kawo mini shayi, tana gaishe ni safe da yamma, tana goge mini takalmi, abin da ba ta taɓa yi ba. An mayar da ni baƙo mai daraja a gidana.

Litinin, lokacin tara a makaranta

Malamin lissafi ya miƙe da na shigo ɗakin malamai, ya cire hula.

“Jama'a, a ba da hanya. Shugaban masu ƙin kanti zai shiga kanti ranar Laraba. Malam, in da ragi ka sayo mini digiri ɗaya, ko na hannu ne.”

Aka yi dariya, na taya su. Na ce mutum yakan shiga kanti don ya duba farashi kawai. Suka ce wannan ma ta shiga. Abin da suka sani shi ne yarinya ta rasa gwaji, uba ya rasa yadda zai yi. Malamar kimiyya har da cewa Allah sarki, ka ga uba mai sauke ra'ayinsa saboda 'yarsa.

Na karɓi wannan ma. Na ce na gode.

Talata, da yamma

Na buɗe jarida a tsakar gida, na karanta kanun labari da ƙarfi. Wani labari ne da ko makaho zai ga ramin da ke cikinsa. Ta wuce da bokiti.

“Uwata, me 'yan adawa suka ce?”

“Gaskiyarka ce, Baba.”

Laraba, da yamma

Mun je. Zan yi adalci, tunda aikina ke nan. Wurin yana da tsabta, fitilu duk suna kamawa, ɗakin karatunsu ya sa na haɗiyi yawu. Wani matashin malami da ya zaga da mu ya san aikinsa, kuma bai yi mana daɗin baki ba. Ba kanti ba ne. Ko kuma kanti ne mai kyau, ban sani ba.

Ya kai mu wani dogon ɗaki mai sanyi, kawunan roba a jere a kan tebura, kowanne ya wangale baki yana kallon silin. Na ce wannan ai taron iyaye da malamai ne. Ƙanena ya yi dariya, malamin ya yi. Na waiga inda na saba waigawa, tana karanta wata sanarwa a bango.

A ɗakin gaba kujerun cire haƙori ne, sababbi, wasu ba a ma cire musu leda ba. A nan ta buɗe baki, karo na farko tun da muka fito.

“Malam, ina marasa lafiyar?”

Ya ce gaskiya ba su cika zuwa ba, don nan sai da kuɗi. Ya ce a shekarun ƙarshe akan kwashi ɗalibai a bas a kai su asibitin gwamnati su ga bakin mutane.

Ta ce, “To, na gode.”

Ƙanena ya ce ai hakan ya fi, wa ke son warin bakin jama'a tun daga aji ɗaya. A hanyar dawowa na tambaye ta yadda ta gani. Na riga na san amsar, kalma huɗu ce: duk yadda ka ce.

Alhamis, da rana

Lambar matar tana nan a wayata, ban goge ba. Na duba ta kafin darasi, na duba ta bayan darasi.

Juma'a, da hantsi

Na kira. Ta gane muryata tun daga sallama, wannan karon ba ta yi dariya ba, ni ma ban nema ba.

Ta ce akwai zama na biyu Laraba mai zuwa, don waɗanda suka rasa na farko da uzuri. Uzurin iri biyu ne. Ko takardar asibiti, ko kuma in saƙo ne bai isa ga ɗalibi ba, wanda saƙon ya maƙale a hannunsa ya zo gaban kwamiti ya faɗa da bakinsa, ɗalibin yana tsaye.

Na ce ba za a iya yi a rubuce ba? Na iya rubutu.

“Na ga alama, Malam. Da baki suke so.”

Asabar, da yamma

Na faɗa a gida, ƙanena yana nan. Ya ga dai yarinya ba ta da walwala, kuma duk da surutunsa ba mugu ba ne. Ya ce in can take so, to a daina wahala, yana da abokin da zai rubuta takardar asibiti kafin a gama shan lemon nan. Zazzaɓi mai zafi, kwana uku a kwance.

“Ka ga Yaya ba sai ya je ya tsaya gaban yara yana zubar da girmansa ba.”

Ba zan ɓoye wa wannan littafin ba, na ji sanyi har tafin ƙafata. Na ce to, wannan ma shawara ce. Da bakina na faɗa.

Uwata ta ce, “Baffa, ni ban yi ciwo ba.”

“Dakta, ai takarda ce kawai.”

“Ranar ina tsakar gida lafiyata ƙalau. Baba ya gan ni.”

Maiɗakina ta tashi ta kwashe kofuna, har da nawa da ban shanye ba.

Lahadi, da rana

Na rubuta jawabi shafi biyu. Ya taɓo yajin aiki, da halin da ilimi ke ciki, da nauyin da ke kan uba a wannan zamani. Akwai wata jimla a shafi na biyu da na yi alfahari da ita. Na karanta wa maiɗakina.

Ta ce, “Ya yi daɗi. Wa ya yi laifin a ciki? Ban ji sunansa ba.”

Litinin, da yamma

Na goge riga. Na nemi izinin kwana uku a makaranta, na ce uzurin iyali.

Talata, da yamma, a masauki

Yini guda a mota. Ta zauna gefen taga, ni a tsakiya, wani mai buhun albasa a damana. Hanyar ta fi yadda na faɗa muni, na so in nuna mata hakan, na kama bakina. Na saya mata ruwa, ta ce ta gode. Da muka tsaya shan mai na ga ta fito da sandar sabulu daga jaka ta juya mini baya.

Mun iso da sauran rana, ta ce tana son ganin asibitin haƙori na jami'ar. Layi tun daga ƙofa har ƙarƙashin bishiya. Kumatu a kumbure, yara suna kuka, fanka ɗaya tana juyi kamar an tilasta mata. Wani dattijo da ya ɗaure haɓa da ƙyalle ya matsa mini a benci.

“Zauna, ɗan'uwa. Na sama ne ko na ƙasa?”

Na ce rakiya na yi.

“Haka kowa ke cewa. Fuskarka ta nuna, kwana nawa ba ka yi barci ba?”

Wata ɗaliba cikin farar riga ta fito tana kiran kati, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta durƙusa gaban wata yarinya ƙarama, ta ce ta buɗe baki ta nuna mata inda zakin da ke cizonta yake ɓoye. Yarinyar ta buɗe. Na dubi Uwata. Ta miƙe wuya tana leƙen bakin yarinyar daga inda take, leɓenta yana motsi, ƙirga haƙoran take yi. Rabon da in ga fuskar nan tun ranar fiƙa.

Na leƙa famfon da ke bakin ɗakin kwanan ɗalibai. Babu ruwa. Na ji daɗin hakan na ɗan lokaci, sai kuma na ji kunyar jin daɗin.

Laraba, da rana

Mutum uku ne a bayan tebur, da wani magatakarda a gefe da biro. Shugabar wata gajeriyar farfesa ce mai furfura, tabarau a kan hanci. Matar waya tana tsaye a bakin ƙofa, ta girmi muryarta. Uwata a haguna, hannuwa a baya.

“Malam, saƙo ya same ka?”

“Ya same ni, ranki ya daɗe.”

“Mantawa ka yi? Yakan faru, mu ma iyaye ne.”

Ƙofa ce ta buɗe mini, har da riƙe labule. Jawabina yana aljihu, ina jin kaifin takardar a ƙirjina. Na ce ban manta ba.

“To me ya faru?”

Na nemi jimlar nan ta shafi na biyu, ta gudu. Abin da ya fito shi ne, “Ba na son ta tafi.”

Magatakarda ya ɗago. “Malam, ɗan ɗaga murya, fanka ta hana ni ji.”

Na maimaita.

“Ba na son… ta me?”

“Ta tafi.”

Ya rubuta a hankali, yana furtawa, ya sa aya. Yanzu yana cikin fayil, a wani kabad, inda wani mai bincike zai same shi bayan ba ni. Farfesa ta dube ni ta saman tabarau ta ce in jira a waje. Ban dubi haguna ba, don haka ban san yadda fuskarta take ba.

Sun bar ta ta shiga gwajin. Ina kan benci yanzu, ina rubutu a kan gwiwa.

Laraba, da yamma

Ta ci. An kafe sunaye a allo, nata na biyu. Ta ari wayata ta kira uwarta, ta koma can gindin bishiya, ina hango ta tana tsalle. Da ta dawo ta miƙo mini wayar da hannu biyu ta ce, “Umma na gaishe ka.”

Alhamis, da hantsi, a tasha

Kafin mu taho sai da aka yi rajista. Matar waya ce a teburin. Suna, shekaru, makarantar da aka gama. Ta zo kan layin ƙarshe, ta tsayar da biro, ba ta dubi kowa ba.

“Lambar wa za a sa, in da saƙo?”

Uwata ta ce, “Ta mahaifiyata.”

Ta fara karantowa. Ta kai rabi ta tsaya. Ta sake farawa, ta tsaya a wuri ɗaya. Tun tana 'yar firamare lamba ɗaya aka sa ta haddace saboda ko ta ɓata a kasuwa, kuma ba ta uwarta ba ce. Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido.

“Baba, ƙarasa mini.”

Na ƙarasa mata. Matar ta maimaita, na ce haka ne.

Motar ta kusa cika. Ta je sayen ruwa, ta tambaye ni ko mai sanyi nake so. Daidai ta yi da lambar nan. Ni ne na yi ba daidai ba.